His, GST, MBP ko SUMO: wane mariƙi za ka aura wa furotin ɗinka?

Ana gab da kiran la'asar wata ɗalibar mastar ta tare ni a inuwar dogon yaro, riƙe da takardun farashin kaya biyu daga Turai. Ta ce, "Malam, kuɗin da aka ware mini ba su wuce na rezin guda ba. Wani ya ce in ɗauki GST, wani ya ce MBP ne maganin komai, su kuma waɗanda nake bin aikinsu da His suka yi. Wanne zan saya?" Na ce, "Ɗiyata, ajiye takardun tukuna. In furotin ɗin ya fito, me za ki yi da shi?" Ashe wani yanki ne na furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, nauyinsa wajen kilodalton 20, tana so ta shimfiɗa shi a farantin ELISA, gwajin da ke nuna ko jini na ɗauke da antikor, wato sojojin garkuwar jiki masu gane furotin ɗin, ta gwada ruwan jinin yara daga ƙauyukan bakin kogi. Wannan amsa kaɗai ta yanke rabin gardamar. Tunda tambayar takan dawo duk shekara a bakin sabbin ɗalibai a nan Yamai, gara in zauna in rubuta ta.

Mai lambu ya san aure: ya yanko reshen mangwaro mai zaƙi, ya ɗaura shi a kan gindin da ke jure fari, su zama itace ɗaya. Haka ake yi wa ƙwayoyin gado. Ka ɗauko ta furotin ɗin da kake nema, ka ɗinke ta da ta wani furotin da aka san halinsa, ka cire alamar tsayawa da ke tsakaninsu, sai bakteriya ta karanta su a jere ta fitar da sarƙa guda. Karatun nan harafi uku-uku ake yin sa, saboda haka in harafi ɗaya ya ƙaru ko ya ɓace a wurin ɗinkin, duk abin da ke bayansa ya zama shirme. Kar ka fara komai sai ka aika an karanto maka jerin ADN na wurin ɗinkin. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1977 da ita aka sa bakteriyar E. coli ta yi hormon ɗin somatostatin, an aura shi ga beta-galaktozidaz don kada bakteriyar ta lalata shi. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, da R21 da ya biyo baya a 2023, su ma aure ne: yankin furotin ɗin ƙwayar cutar a kan furotin ɗin fatar ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

A labo "tag" muke cewa. Ni mariƙi nake kiransa, don aikinsa ke nan: tukunya ce mai zafi a cikin dubban furotin na bakteriya, da shi kake ɗauko ta, domin yana maƙale wa rezin, ƴan ƙwayoyin da ake cika kolon, wato bututun tacewa, da su.

Abin da za ka auna

Na farko shi ne wanda na tambayi ɗalibar, wato inda furotin ɗin zai ƙare. Wanda za a yi wa zomo allurarsa don samun antikor, da wanda za a auna aikinsa na anzim, da wanda za a gwada jinin mutane da shi, ba buƙatarsu ɗaya ba.

Sai kuɗi, kuma ba lambar da ke kan takardar farashi kaɗai ba. Yuro 1 kusan sefa 656 ne, kwalbar yuro 300 ta doshi jikka 200 tun ba ta hau jirgi ba. Ɗora kuɗin sufuri da na duwan. In kayan na sanyi ne da sai an haɗo su da busasshiyar ƙanƙara, wani lokaci dakon yakan yi gogayya da kuɗin kayan. Don haka nakan raba kaya gida biyu: masu iya kwana a kan kanta, da masu mutuwa in firigo ya huce.

Ƙarko kuwa fuska biyu gare shi a wurinmu: sau nawa rezin zai yi aiki kafin ya gaji, da kuma yadda tsarin duka ke jure ɗaukewar wuta. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, alhali E. coli digiri 37 take so, furotin mai taurin kai kuma sau da yawa sai an sauko da shi 16 zuwa 18 dare guda bayan an zuba IPTG, sinadarin da ke sa bakteriyar ta fara yin furotin ɗin. Labon da ba shi da injin girgiza mai sanyaya, ko gurup ɗin da zai riƙe shi har asuba, ya sa wannan a lissafi tun yanzu. Sauran biyun su ne sauƙin aiki ga hannun da bai goge ba, da haɗarin mariƙin ya ruɗe ka ka rubuta sakamakon da ba na furotin ɗinka ba ne.

His

Histidin shida ne a jere (ɗaya daga amino asid, tubalan ginin furotin), nauyinsu bai kai kilodalton 1 ba. Masana a kamfanin Roche ne suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1980. Histidin na son ƙarfe, sai ya maƙale wa nikel da aka ɗaure a jikin rezin. Ka wanke da imidazol kaɗan, milimola 20 zuwa 40, ka sauko da furotin ɗinka da 250 ko fiye.

Ta fuskar kuɗi ba shi da abokin gasa. Imidazol gari ne, gishirin nikel gari ne, duk suna zama a kan kanta. Rezin ɗin ma mai rai tara ne: in ya gaji ka tuɓe masa nikel da EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, ka wanke, ka sake ɗora sabo, ka ajiye shi cikin etanol kashi 20 cikin 100. Firigo ya huce na kwana ɗaya ba ya kashe shi. Daskarewa ce ke kashe shi, shi da duk wani rezin na agaroz, don haka kar wani mai kyakkyawar niyya ya tura maka shi firiza. Wani alheri da ba a cika faɗa ba: filasmid pET-28a, wato zoben ADN da ake sa ƙwayar gadon a ciki a ba bakteriya, da maganin kashe bakteriya kanamisin yake tafiya, ita kuwa ta fi ampisilin daɗewa a cikin ruwan kiwo. pGEX na GST da pMAL na MBP da ampisilin suke, wadda bakteriyar da kanta ke fasawa, in kiwon ya daɗe sai waɗanda suka yar da filasmid su cika kwalba.

Babban ƙarfinsa shi ne bai damu da naɗewar furotin ba. Furotin ɗin Plasmodium, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sun shahara da dunƙulewa a cikin E. coli, su yi gudaji irin na tuwon da aka tuƙa da gaggawa. Dalili ɗaya shi ne ADN ɗin ƙwayar kusan kashi 80 cikin 100 haruffan A da T ne, kalmominta ba su saba da bakin bakteriya ba. To ko gudajin ne, ka narkar da su da ure mola 8 ko guanidin mola 6, His zai kama nikel yadda ya saba. GST da MBP ba sa iya wannan.

Aibinsa biyu. Ba ya taimaka wa furotin ya narke, mariƙi ne kawai. Sannan ba kai kaɗai ke son nikel ba: E. coli tana da nata furotin masu maƙalewa, irin su SlyD da ArnA da GlmS, kuma in naka kaɗan ne su za su cika maka jel, faifan da ake jera furotin a kai bisa nauyinsu. Rezin na kobalt ya fi tsabta, sai dai abin da yake kamawa bai kai na nikel ba. Ka kuma kula da ruwan tampon, wato ruwan gishirin da ake zuba wa kolon. Na taɓa zuba wanda wani ya haɗa da sinadarin DTT mai yawa bai rubuta a jikin kwalba ba. Ina tsaye ina kallo, kolon ya juya daga shuɗi-shuɗi zuwa kalar ƙasa, daga sama yana gangarowa kamar shayi a cikin auduga. EDTA kuma fari fat yake mayar da shi, ya tafi da nikel ɗin da furotin ɗinka gaba ɗaya. Ruwan nikel guba ne, a tara shi a kwalba daban, ba a zuba shi a magudana.

GST

Nauyinsa kilodalton 26. Smith da Johnson ne suka gabatar da shi a 1988 tare da filasmid pGEX. Yana kama glutatiyon da ke jikin rezin, ana sauko da shi da glutatiyon milimola 10 a ruwa mai pH 8, saukowa mai laushi da ba ta wahalar da furotin. Sau da yawa wucewa ɗaya a kolon tana ba da tsabtar da His ba ya bayarwa. Anzim ne kuma, kana iya bin sawunsa da sinadarin CDNB, kana auna haske a nanomita 340. Masu binciken wane furotin ke riƙe da wane sun daɗe suna amfani da shi kamar ƙugiya.

Ya fi His tsada, ya kuma fi shi shagwaɓa. Glutatiyon ɗin saukarwa a sanyi ake ajiye shi, ruwansa kuma sabo ake haɗawa don iska na lalata shi. Kamunsa a hankali yake, in ka sake wa kolon gudu rabin kayanka ya wuce. GST biyu-biyu yake zama, sai ya ja furotin ɗinka ya haɗa su tagwaye ko da asalinsu ɗai-ɗai ne, abin da ke iya sa riƙo mai rauni ya yi kama da mai ƙarfi.

Ga inda na dakatar da ɗalibata. GST ɗin da ke cikin pGEX daga jikin Schistosoma japonicum aka ciro shi, tsutsar da ke ƴar uwa ga Schistosoma haematobium mai jawo tsargiya. Wanda ya rubuta tsarin aiki a Faransa ko Jamus ba lallai ya tuna da wannan ba, don masu ba shi jini ba su taso suna wanka a kogin Kwara ko a magudanan gonakin shinkafa ba. Yaranmu na bakin kogi sun taso. Ruwan jinin yaron da ya yi tsargiya yana iya ɗauke da antikor da za su gane mariƙin, farantinki ya yi launi, ki rubuta cewa yaron na da garkuwar zazzaɓin cizon sauro, alhali tsutsa kika auna. Ana iya gyarawa: kowane jini a gwada shi a rami biyu, ɗaya da auren, ɗaya da GST tsura, a debe. Amma wannan ninka faranti ne, ninka kayan aiki, kuma in launin GST tsura ya yi yawa abin da ya rage bayan debewa ba abin dogaro ba ne. Na ce mata, "In dai jinin mutanenmu za ki gwada, ki bar GST, ko ki yanke shi kafin ki shimfiɗa."

MBP

Wannan na E. coli ne da kanta, furotin ɗin da take ɗaukar maltoz da shi, kilodalton 42 da ɗoriya. Filasmid ɗinsa pMAL na kamfanin New England Biolabs ne. Yana kama rezin na amiloz, ana sauko da shi da maltoz milimola 10, sukari mai arha da ba ya cutar da komai. A wajen narkar da furotin mai gardama ya fi GST nesa ba kusa ba, kuma Kapust da Waugh sun nuna haka a 1999 da suka jera shi da GST da tiyoredoksin. Ga labon da ba shi da injin sanyaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yakan ba ka furotin narkakke a zafin da His zai ba ka gudaji.

Rezin ɗinsa ne mai rauni. Amiloz sitaci ne, bakteriya kuma tana da amilaz mai cin sitaci, shi ya sa ake zuba gulukoz kashi 0,2 cikin 100 a ruwan kiwo don a danne shi. Duk da haka ƴan lokuta kaɗan yake aiki ƙarfinsa ya ragu, ba kamar nikel da ake sabuntawa ba.

Sai lissafin da ɗalibai ke mantawa. Furotin mai kilodalton 20 a kan MBP ya zama 62. In ka auna miligiram 10, naka bai wuce 3 da ɗan kai ba, sauran duk mariƙi ne. A kan GST naka ya haura 4 kaɗan. A kan His kusan duka naka ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da MBP shi ne narkewarsa aro ce. Wani ɗalibina ya taɓa shigowa yana murna da hoton jel, ga layi mai kauri kamar an ja shi da gawayi, duk a ɓangaren narkakke. Muka zuba almakashi, wato anzim mai yanke mariƙi, da yamma muka sa a firigo. Da safe ya ɗaga ƴar kwalbar ya kalli taga, ruwan da jiya yake garau ya zama kamar an ɗiga masa nono. Da muka juya shi a inji muka sake jel, MBP na sama yana yawo abinsa, furotin ɗin yaron kuma na ƙasa a dunƙule. Tun farko bai naɗe daidai ba, goyo ne kawai aka yi masa, da aka kwance zane ya faɗi. Don haka kar ka gina watanni a kan layin jel. Tun makon farko ka yanke ɗan kaɗan ka gani. Kuma tunda hanjin kowa cike yake da E. coli, shi ma MBP in za a gwada jini da shi sai an yi masa ramin MBP tsura.

SUMO

Ƙarami ne, wajen kilodalton 11, daga yis aka samo shi, ko da yake a jel yakan tsaya sama da inda lissafi ya ce, kar wannan ya firgita ka. Yana taimaka wa narkewa, amma ba shi da rezin nasa, da His ake haɗa shi, ke nan rezin ɗinka na nikel ya wadatar. Daɗinsa a wajen yanka yake: almakashinsa Ulp1 siffar SUMO gaba ɗaya yake ganewa, ba ƴan haruffa ba, sai ya yanke daidai bakin furotin ɗinka bai bar ko ɓurɓushi ba, in dai ba da prolin ya fara ba. Saye yana da tsada kuma kayan sanyi ne. A ƙwayoyin yis ko na dabbobi ba ya aiki yadda yake, don suna da nasu almakashin da zai yanke shi tun a ciki.

GFP da Fc ba na wannan sahun ba ne, amma ana yawan tambaya. GFP, mai amino asid 238 daga halittar teku Aequorea victoria, wanda ya kai Shimomura da Chalfie da Tsien ga kyautar Nobel a 2008, fitila ce: da shi ake ganin inda furotin yake zaune a cikin ƙwaya mai rai, kuma sai da madubin da ke haska shuɗin haske. Fc, gindin antikor, shi ke tsawaita zaman magani a jini, kamar etanercept da Amurka ta amince da shi a 1998. Yana buƙatar kiwon ƙwayoyin dabbobi da iskar CO2 da wutar da ba ta ƙiftawa, ba aikin kuɗin rezin guda ba ne.

Almakashi

Duk mariƙin da za a cire, kuɗin almakashi na cikin kuɗinsa. Trombin da faktor Xa sukan yi ɓarna, su yanki furotin ɗinka a inda ba ka aike su ba. TEV, mai neman jerin ENLYFQG, da 3C mai aiki da kyau a digiri 4, sun fi su ladabi. TEV kuma kana iya yin abinka: filasmid pRK793 na labon Waugh yana wurin Addgene, ma'ajiyar da ke raba wa masu bincike filasmid, TEV ɗin da yake bayarwa na ɗauke da His. Ka tsarkake shi sau ɗaya a kan nikel ɗinka, ka raba ƙananan kwalabe da gliserol, ya daɗe yana yi wa labo aiki. In mariƙin ma na ɗauke da His, bayan yanka ka sake bi da ruwan ta kan nikel: mariƙi ya maƙale, almakashi ya maƙale, furotin ɗinka ya wuce shi kaɗai.

| Mariƙi | Nauyi (kilodalton) | Kuɗi | Ƙarkon rezin | Narkarwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| His | ƙasa da 1 | arha | mai yawa, ana sabunta shi | babu | baƙin furotin na bakteriya, DTT da EDTA |
| GST | 26 | matsakaici zuwa tsada | matsakaici | kaɗan | tagwaye, jinin masu tsargiya |
| MBP | 42 | matsakaici | kaɗan | mai yawa | dunƙulewa bayan yanka |
| His-SUMO | wajen 12 | rezin arha, almakashi tsada | irin na His | mai kyau | dogaro da Ulp1 |

Wa zai ɗauki wanne

In kuɗinka na rezin guda ne, nikel za ka saya, ko da zuciyarka na wajen MBP ko SUMO, domin dukansu ana samun filasmid da ke ɗauke da su tare da His a gaba. Da His-MBP ka sami goyon MBP ba tare da ka dogara ga amiloz ba.

Mai neman furotin don yi wa zomo ko ɓera allura, ko don ELISA da guntun da siffarsa ba ta da muhimmanci, His kaɗai ya ishe shi, ko daga gudaji ne. Mai auna aikin anzim, wanda dole furotin ɗinsa ya naɗe daidai, ya fara da His a ƙaramin kiwo. In ya dunƙule ya koma His-SUMO ko His-MBP, ya yi gwajin yanka da wuri. In labonsa ba shi da injin sanyaya, ya tsara wannan aikin a Disamba ko Janairu, lokacin da daren Yamai kan sauko ƙasa da digiri 20. Mai son farkon furotin ɗinsa ya fito tsaf yadda yake a halitta, SUMO ne nasa. Mai farautar abokan hulɗar wani furotin ya ɗauki GST, ya riƙa tafiya da GST tsura a gefe kowane lokaci. Ɗalibin da ke Tawa, wanda kayan sanyi sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 500 a mota daga Yamai kafin su iso shi, ya tsaya ga abin da ke zuwa a gari ko cikin etanol, ya yi TEV ɗinsa da hannunsa.

Ɗalibata pET-28a ta ɗauka. Na ce ta sa a gyara mata kalmomin ƙwayar gadon su dace da bakin E. coli tun wajen oda, ta kuma tanadi ure, don ina kyautata zaton gudaji za ta fara gani. Ta naɗe takardar GST ta sa a jaka, ta ce, "To Malam, ruwan jinin da na riga na tara fa, in duba wa ya taɓa tsargiya a cikinsu?" Na ce ta duba, ta rubuta a gefen kowace lamba.